Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin Zariya: a dawo mana da koyarwar almajiranci

Iyayenmu cikin Ubangiji, limamai, fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiyoyin Zariya da kewaye,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna fata kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da Allah ya damƙa a hannunku. Yaya aiki, yaya haƙuri da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi da basira.

Ni 'yarku ce, malamar makarantar Lahadi a sashen Hausa na ɗaya daga cikin majami'un garin nan, kuma 'yar Zumuntar Mata. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Mun sha zama da 'yan'uwana malaman makarantar Lahadi da iyaye mata daga Wusasa, Sabon Gari, Samaru, Tudun Wada da Palladan. Ɗarikunmu daban-daban ne, amma da kowa ya buɗe baki sai muka tarar kukanmu ɗaya ne, shi ne suka ɗora mini nauyin rubutawa. Ba zan kama sunan wata majami'a ko wani bawan Allah ba, domin ba tonon silili ne ya kawo mu ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne shawarar da kwamitocin wasu majami'unmu suka yanke a 'yan watannin nan. An ɗage nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, wani wurin kuma an matse shi ya koma 'yan mintoci, an sa taron addu'ar buɗi a gurbinsa: buɗin aiki, buɗin kwangila, buɗin biza. Ajin baftisma da a da ake shafe watanni ana yinsa, yanzu Lahadi biyu ko uku sun isa. Da muka tambayi dalili, sai aka ce mana mutane ba sa zuwa nazari, amma ranar addu'ar buɗi har waje ake jera kujeru, baiko ma ya fi auki.

Mun san halin da ake ciki, a gidajenmu tukunya take. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota daga Samaru zuwa Sabon Gari ya zama abin da uwa sai ta yi lissafi kafin ta fita, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa ba ya kai iyali ƙarshen wata. Wanda ya durƙusa ya roƙi Allah abinci da aiki bai yi laifi ba, Ubangiji da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Talauci ba tsarki ba ne, ba ma yi wa 'ya'yanmu fatansa. Kukanmu shi ne an ɗauki mudun kasuwa an shigo da shi ɗakin sujada, da shi ake auna wanda Allah yake ƙauna da wanda ya juya wa baya. Ga abin da hakan yake haifarwa, mu da muke zaune da yaran muna gani.

Na fari shi ne lokacin shaida. Ku saurara da kyau ranar Lahadi mai zuwa. Wannan ya sayi mota, wancan ya tare a sabon gida, 'yar wance ta samu biza zuwa Ingila, sai a ɗauki tafi da guɗa. Muna taya su murna, alherin Allah ne. Amma yaushe rabon da wani ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Na yafe wa ɗan'uwana da muka yi shekaru ba ma ga maciji," ko "An kawo mini cin hanci a ofis na ƙi karɓa, ga shi an mayar da ni wani lungu, amma ina barci da salama"? Irin wannan shaida ba a neman ta, yaranmu kuma sun gane ba ta da kasuwa.

Akwai wani saurayi da ya taso a ajina tun yana ƙarami. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya ja masa karatu, ya daure ya gama, ya yi hidimar ƙasa, aiki bai samu ba. Yanzu gyaran waya yake yi, da ɗan abin da yake samu yake sayen maganin mahaifiyarsa mai shanyewar ɓarin jiki, shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita. Da na ga ƙafarsa ta ɗauke daga sujada sai na bi shi har rumfarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, me zan je in yi? Kowa yana da shaida, ni ba ni da ita. Da alama Allah ya manta da ni." Iyayenmu, yaron da yake cika umarnin girmama uwa da uba dare da rana, wanda bai taɓa sauya wa mai waya kayan waya da na jabu ba, shi ne muka koya wa cewa hannunsa wofi ne a gaban Allah. Ba a titi ya koyi wannan ba, a majami'a ya koya.

Shi ya yi haƙuri ya zauna a rumfarsa. Wasu ba su haƙura ba. Wanda aka gaya wa kullum cewa wannan shekarar tasa ce, in shekara ta ƙare bai ga komai ba, zai nemi hanyar da zai taimaki annabcin ya cika. Daga nan ake faɗawa cacar ƙwallo ta waya, da damfarar intanet, da tsare-tsaren nan na zuba dubu goma ka kwashi ashirin. Da irin waɗannan tsare-tsare suka rufe, MMM a Disambar 2016, da kuma CBEX a Afrilun 2025, ba a tambayi addinin kowa ba kafin kuɗinsa su nutse, masu zuwa coci da yawa suna ciki. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa ɗan'uwa ne yake jawo ɗan'uwa a harabar majami'a bayan an tashi sujada, yana ce masa ƙofa ce Allah ya buɗe. Da an zaunar da su a kan 1 Timoti sura 6, inda Bulus ya ce masu son su yi arziki sukan faɗa cikin jaraba da tarko, da wasu sun tsira da kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Na biyu, kujerun gaba da kiran sunaye. Ranar godiyar kaka ko ranar ƙaddamar da asusun gini, mai riƙe da makirufo yakan kira masu bayarwa aji-aji: masu dubu ɗari biyar su fito, masu dubu ɗari su fito, har a gangaro kan "sauran jama'a". Gwauruwar da ta ɗauro ɗari biyar a bakin zane takan jira sai hayaniya ta lafa ta lallaɓa ta jefa, wata kuwa ranar ba ta zuwa sam, ta ce jikinta ne ba daɗi. Mun san ba jikinta ba ne, kunya ce. Mun san magidantan da suka yi alkawarin abin da ba su da shi don kada a raina su a gaban matansu, suka koma suna cin bashi da ruwa. Ku kuka koya mana cewa Yesu ya zauna daura da wurin baiko, ya ga masu arziki suna zuba da yawa, amma gwauruwa mai anini biyu ya nuna wa almajiransa. Ku kuka karanta mana Yakubu sura 2, inda aka tsawata wa ikilisiyar da ta ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can. Ba mu da abin da za mu ƙara a kan wannan, tambaya kawai muke yi: yaushe aka daina aiki da shi?

Har zaɓen dattawa abin ya shafa. Sharuɗɗan da ke 1 Timoti sura 3 a bayyane suke: marar abin zargi, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, wanda ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙon gidansa. Yau tambayar da ake yi a ɓoye ita ce, "Zai iya ɗaukar nauyi?" Mai kuɗin ma kansa an cuce shi, ko da bai sani ba. Ba mai tambayarsa inda dukiyar ta fito, ba mai ce masa, "Ɗan'uwa, yaya zamanka da matarka, yaya addu'arka, ma'aikatanka ka biya su?" Ana ganin aljihunsa, an manta yana da rai. Na taɓa zama a gefen gadon wani attajiri a asibiti, mutumin da ya yi wa majami'arsa hidima da dukiya ba kaɗan ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malama, karanta mini wani abu, ina jin tsoro." Shekaru yana kujerar gaba, amma ba wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa a kan me begensa yake tsaye. Ranar na ga abin da Markus 8:36 yake nufi da idona: ina ribar mutum in ya sami duniya duka ya rasa ransa?

Na uku ya shafi yadda muke ba 'ya'yanmu tarihinmu, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin abin yana ci mini rai. In aka tashi yabon Wusasa, tsohon mazaunin mishan, a taro, sunayen da ake jerowa sanannu ne. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ministan harkokin waje. Gaskiya ne, muna alfahari da su. Amma in aka tsaya nan, darasin da yaro yake ɗauka shi ne bin Yesu tsani ne na hawa kujera.

Ba daga kujera labarin ya fara ba. Ya fara da mutane irin Isawa, waɗanda malaminsu, Malam Ibrahim, aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa, mabiyansa suka watsu. Wajen 1913 zuriyarsu suka nemo Likita Mila na CMS, mishan ɗin ɗarikar Anglikan, a birnin Zariya, suna neman a ƙara musu haske. Suka taru suka kafa zama a Gimi, suna noma, suna koyon karatu, suna sujada. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, har zaman ya watse. In da mudun yau za a auna su, sai a ce Allah bai amsa musu ba. Amma waɗanda suka ragu ba su saki bangaskiya ba, kuma daga cikin 'ya'yansu da jikokinsu aka sami malamai da ma'aikatan jinya da masu bishara. Da mishan ta koma Wusasa, majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa, tana nan har yau a kusa da dutsen Kufena. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan shekaru ana fama da aikin fassara, kakanninmu kuma da fitilar aci-balbal suka koyi karanta shi, suka haddace surori. Mahaifin Janar Gowon mai bishara ne, bai tara abin duniya ba. Shi kuwa Farfesa Ishaya Audu, bayan ya ga ƙarshen muƙami da ɗaukaka, Samaru ya dawo yana duba marasa lafiya yana wa'azin bishara, har Allah ya yi masa rasuwa a 2005. Wannan ɓangaren na rayuwarsa ba kasafai ake gaya wa matasa ba, alhali shi ne ya fi amsa tambayar da ke damun su: in ka samu duk abin da kake nema, sai kuma me?

Ba muna cewa mutanen da ba su da aibu ba ne, ko a koma zaman jiya. Muna cewa abin da ya riƙe su a Gimi da ciwo ya zo, shi ne ba ma ba 'ya'yanmu yanzu. Zariya kuma ba garin da za a yi wasa da wannan ba ne. Manya a cikinmu suna tune da Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso nan aka ƙone majami'u da dama. Lahadin da ta biyo baya mutane sun taru sun yi sujada a cikin toka, wasu kuma suka ci gaba da gaisawa da maƙwabtansu Musulmi, ana zuwa suna da jana'izar juna har yau. Ba alkawarin mota ne ya ba su wannan zuciyar ba, koyarwar gicciye ce da gafara. Yanzu da satar mutane ta addabi ƙauyukanmu da hanyoyinmu, muna ganin masu bi da in masifa ta same su sai su ce ko dai bangaskiyarsu ce ta gaza, ko wani ne a dangi ya yi musu asiri. Mun ga gidan da ya rabu biyu saboda an ce wa ɗa kakarsa ce ta tare masa arziki. Tsohuwar da ta goya shi, yau ba ya cin abincin hannunta.

Na huɗu gajere ne, amma nauyi gare shi. Masu bisharar da ke ƙauyukan Ikara, Makarfi, Kudan, Soba da Giwa, waɗanda ke zaune cikin 'yan'uwanmu manoma, wasunsu sukan yi watanni ba a aika musu ɗan abin da aka yanka musu ba. Da noma da taimakon matansu suke rayuwa, 'ya'yansu ana koro su daga makaranta. A daidai wannan lokacin majami'un cikin gari suna gasar tayil da na'urar sanyaya ɗaki. Saurayin da yake jin kiran Allah yana kallon wannan, yana kuma gane wace hidima ce ake girmamawa.

Iyayenmu, mu ba masana tauhidi ba ne, ku ne kuka je makarantar Littafi. Amma abin da muka karanta mun karanta. Umarnin ƙarshe da Ubangiji ya bari a Matiyu 28 shi ne a almajirtar da dukan al'ummai, ana koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Ya ce ran mutum ba a yawan kayansa yake ba. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, ko a ƙoshi ko a yunwa. Koya ya yi, ba dare ɗaya abin ya sauko masa ba, kuma abin da ake koya sai da mai koyarwa da lokaci. Mun ga wannan wadar zuci da idonmu a wurin tsofaffin matan Zumunta, masu sayar da ƙosai da daddawa, waɗanda in an yi rasuwa su ne farkon isowa, in an yi haihuwa su ne masu kwana, sun rainar wa wasu marayu ba tare da an taɓa kiran sunansu a makirufo ba. Ba ka zama da su ka tashi da sauran shakka cewa sun san dalilin zamansu a duniya. Wannan gadon muke tsoron ya yanke a hannunmu.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙonmu.

A dawo da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako da cikakken lokacinsa, a bi littafi sura-sura, da Hausa ga masu jin Hausa, fasto da kansa ya zauna a ciki. Ko mutum goma ne suka zo, a koyar da su. Addu'ar neman aiki da lafiya ta ci gaba, amma kada ta cinye gurbin koyarwa. Ajin baftisma kuma a mayar masa da watanninsa, kowane sabon mai bi a haɗa shi da wani dattijo ko uwa da za ta riƙa bibiyarsa bayan an fito daga ruwa.

A daina kiran sunaye da adadin kuɗi a lokacin sujada. Mai bayarwa ya sa a ambulan, ma'aji ya rubuta, a karanta wa ikilisiya jimla da yadda aka kashe. A daina keɓe kujeru don masu hannu da shuni. In za a keɓe, a keɓe wa tsofaffi da masu naƙasa da masu ciki.

A gyara lokacin shaida. Ku da kanku ku nemo masu shaidar tuba, da sulhu, da riƙon amana a wurin aiki, da haƙuri cikin ciwo, ku ba su wuri. In wani ya zo da shaidar dukiya da ba a san tushenta ba, dattawa su zauna da shi tukuna kafin a miƙa masa makirufo.

A zaɓi dattawa bisa sharuɗɗan da ke rubuce, ko da mutumin a keke yake zuwa. Kafin a fara wani sabon aikin ƙawata gini, a tabbatar an biya masu bisharar ƙauye haƙƙinsu, an kuma ware kaso sananne daga baiko don gwauraye da marayu, yadda manzanni suka keɓe mutum bakwai don hidimar gwauraye a Ayyukan Manzanni sura 6.

Muna kuma roƙo a zauna da matasanmu, musamman ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo da masu zaman jiran aiki, a yi musu magana a fili a kan caca da damfara da bashi, a haɗa su da masu sana'a na cikin ikilisiya su koyi aikin hannu ba tare da jin sun faɗo ba. A ba su tarihinmu cikakke, da Gimi a ciki. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ƙarewa, a aika matasa su ɗauki muryoyinsu tun suna raye.

Mu a namu ɓangaren ba za mu naɗe hannu ba. Malaman makarantar Lahadi a shirye muke mu karɓi ƙananan ƙungiyoyin nazari a gidajenmu, matan Zumunta kuma sun yarda su ɗauki ziyarar waɗanda ƙafarsu ta ɗauke daga sujada, unguwa-unguwa. Abin da muke nema a wurinku shi ne ku sa wannan magana a ajandar zaman kwamiti na gaba, ku kira wakilan mata da na matasa da na malaman makarantar Lahadi su zauna a ciki, ku kuma ba ikilisiya amsa a bainar jama'a kafin godiyar kaka ta bana.

In akwai kalmar da ta yi kaifi a wasiƙar nan, ku gafarce mu, 'ya'yanku ne mu. Allah ya ja zamaninku cikin hidimarsa.

Taku cikin Almasihu,
Malamar makarantar Lahadi, a madadin 'yan'uwanta malamai da iyaye mata,
Zariya.